Maƙalar bincikena ta haura kalmomi 4,000: ina zan kai ragowar?

Ɗalibar Difloma:
Assalamu alaikum malamaina da iyayena da ke wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe a shirin difloma na IB, wato International Baccalaureate, tsarin karatun sakandare na ƙasa da ƙasa, kuma na kammala daftarin farko na doguwar maƙalar binciken nan da suke kira Extended Essay, wadda sai an yi ta ake samun shaidar kammalawa. Na zaɓi fannin tarihi, tambayar bincikena kuwa ita ce: shin matsin tattalin arziki daga Amurka ne babban abin da ya tilasta wa Birtaniya tsagaita wuta a rikicin mashigin Suez na 1956? Abin da ya kawo ni shi ne, ƙa'ida ta ce kada maƙala ta wuce kalmomi 4,000, ni kuwa kwamfuta ta ƙirga mini 4,730, kuma duk sakin layin da na duba sai in ga kamar idan na zare shi ginin zai rushe. Wata ƙawata ta ba ni shawarar in kwashe wasu bayanai in zuba su a ƙasan shafi, sauran in mayar da su rataye a ƙarshen aiki, domin a cewarta ba a ƙirga waɗannan wurare. Ina roƙon a faɗa mini ko wannan dabara tana da tushe. Sannan ina neman haske a kan shafin farko, saboda samfuran da na gani sun saɓa wa juna: wasu suna da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin abin da maƙalar ta ƙunsa, wasu ba su da shi, wasu da sunan ɗalibi da tambarin makaranta, wasu kuwa babu ko ɗaya.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗalibarmu. Kafin ki yanke ko kalma ɗaya, fara tabbatar da abin da kwamfutar ta ƙirga, domin ita ba ta san ƙa'idar IB ba, duk abin da ta gani a takarda lissafa shi take yi. Abin da ke shiga cikin 4,000 shi ne gabatarwa, da gundarin maƙala, da kammalawa, da duk maganar wani da kika ɗauko kalma da kalma, da kuma duk bayanin ƙasan shafi da ba madogara ba ne. Abin da ba ya shiga shi ne shafin ƙunshiya, da taswirori da zane-zane da jadawalai, da madogara, wato inda kika nuna littafi da shafin da kika samo magana, da jerin manazarta na ƙarshe. Idan kin haɗa da waɗannan a lissafinki, mai yiwuwa ne ɗaruruwan kalmomi su sauka ba tare da kin taɓa komai ba.

Shawarar ƙawarki kuwa, rabinta gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya saurin kai mutum rami. Ƙasan shafin da ba a ƙirgawa shi ne wanda ya tsaya ga sunan marubuci da littafi da shafi. Da zarar kin fara sharhi a wurin, kina bayanin dalilin da ya sa Harold Macmillan, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, ya sauya ra'ayi a kan yaƙin, to wannan ya koma cikin lissafi. Rataye kuma ba a wajabta wa mai ba da maki ya karanta shi ba, saboda haka hujjar da kika ajiye can tamkar ba ki rubuta ta ba ce. Abin da ya fi muni shi ne, an umarci masu ba da maki su dakata da karatu idan sun kai kalma ta 4,000. Abin da ke zaune a ƙarshen maƙala kuwa kammalawa ce, inda za ki amsa tambayarki, ga shi ita ce za ta faɗa wajen iyaka.

Mahaifin Ɗalibi:
Malam, na gode da wannan bayani, amma ku yi mini afuwa in faɗi abin da ke raina a matsayina na uba. Ɗana yana kan irin wannan aiki, kuma na kalle shi ya ɓata ƙarshen mako biyu cur yana gyara waƙafi da aya a jerin manazarta, yana fama da lambar shafi da ta ƙi zama inda yake so. Na duba takardar ma'aunan da makaranta ta ba su, na ga maki 34 ne gaba ɗaya, kuma tsarin rubutu 4 kacal ya samu, alhali nazari da sharhi suna da 12. Haka kuma maƙalar ita da darasin nazarin ilimi, TOK, idan an haɗa su ba sa kawo fiye da maki 3 cikin 45 na difloma. A ganina ana tsorata yaran nan da abin da bai taka kara ya karya ba. Me zai hana yaro ya zuba ƙarfinsa a kan tunani, ya bar kwalliyar takarda zuwa daren ƙarshe?

Mai Kula da Laburare:
Baba, lissafinka daidai ne, amma akwai abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya, kuma ya kamata a raba su. Akwai kwalliya ta gaskiya: girman haruffa 12, salon haruffa mai sauƙin karantawa, tazara mai yalwa tsakanin layuka, lamba a kowane shafi. Wannan aikin rabin sa'a ne, kuma na yarda ana iya barin sa zuwa ƙarshe. Akwai kuma madogara, wadda ba kwalliya ba ce ko kaɗan, domin ita ce ke nuna wace magana ce ta ɗalibi, wace ce ta wani. Idan wannan ta lalace, ba maki 4 ake magana a kai ba, zargin satar fasaha ake yi, kuma wanda aka tabbatar wa wannan laifi yana iya rasa sakamakon maƙalar baki ɗaya. Kada kuma a manta cewa maki 3 ɗin nan ba su ne duka labarin ba: wanda ya sami E, wato mafi ƙarancin sakamako, a maƙalar, ko bai miƙa ta ba, ba a ba shi difloma ko da ya yi fice a darussa shida ɗin.

Bari in ba da misali da abin da na gani da idona. Wani ɗalibi haziƙi ya taɓa zuwa mini saura kwana biyu a miƙa aiki, da jimla uku masu kyau a tsakiyar maƙalarsa waɗanda shi kansa ya kasa tuna ko nasa ne ko ya kwafo su daga littafi watanni bakwai da suka wuce. Lokacin da yake tattara bayanai bai sa alamar ɗauko magana ba, bai rubuta shafi ba, ya ce zai gyara daga baya. Mun kwashe yini muna laluben littattafai, muka gano biyu, ta ukun ya haƙura ya goge ta. Yaron ba ɓarawo ba ne, jinkiri ne ya kusa mayar da shi haka. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai cewa ranar da ka buɗe littafi, a ranar za ka rubuta sunan marubuci da taken littafi da shekarar bugu da lambar shafi, idan kuma daga intanet ne ka haɗa da adireshin shafin da ranar da ka ziyarce shi.

Mahaifin Ɗalibi:
Malama, wannan rarrabewa ta shige ni. Sai dai har yanzu ina ganin yawan salon rubuta madogarar nan shi ke rikita yara. Yau a ce MLA, gobe a ce APA, jibi a ce Chicago. Wanne ne hukumar IB take so?

Mai Kula da Laburare:
Hukumar ba ta wajabta ko ɗaya ba, Baba. Sharaɗinta shi ne ɗalibi ya ɗauki salo ɗaya da aka sani ya bi shi daga farkon aiki har ƙarshe, sai dai idan makaranta ta zaɓa wa ɗalibanta. MLA yana sa sunan marubuci da lambar shafi a cikin jimla, kuma masu nazarin adabi sun fi amfani da shi. APA yana sa suna da shekara, shi ya sa ya dace da fannonin da sabuntar bincike ke da muhimmanci, kamar nazarin halayyar ɗan Adam. Masana tarihi sun fi karkata ga Chicago mai madogara a ƙasan shafi, kuma ga 'yarmu mai tambaya yana da wata fa'ida ta daban: manhajar Word tana da wurin da za a cire ƙasan shafi daga lissafin kalmomi, alhali madogarar da ke cikin jimla sai an bi ta ɗaya bayan ɗaya an debe. Akwai manhajar Zotero, kyauta ce, tana adana bayanan littattafai ta jera su da kanta, amma a riƙa duba abin da ta fitar, domin idan an ba ta bayani gurgu, gurgu za ta mayar.

Malamar Kimiyya:
Ina so in ƙara a kan maganar Malamin Tarihi, kuma in ɗan saɓa masa a wuri ɗaya. Dabara ta uku da ɗalibai ke yi, wadda ba a ambata ba, ita ce zuba sharhi a cikin jadawali tunda an ce ba a ƙirga shi. Sai ka ga jadawali mai gida huɗu, kowane gida ɗauke da sakin layi guda. Masu ba da maki sun san wannan hanya sarai, kuma kundin jagora na IB ya yi gargaɗi a kanta: jadawali na alƙaluma ne da taƙaitattun bayanai, ba maɓoyar hujja ba.

Inda na saɓa masa shi ne batun rataye, domin kada ɗaliban kimiyya da ke karanta wannan muhawara su ɗauka ba shi da amfani. Wanda ya yi gwaji ya tara ma'aunai ɗari biyu ba zai jibge su a tsakiyar maƙala ba. Ɗanyen sakamako yana tafiya rataye, wanda aka tace aka yi lissafi a kansa yana zama a cikin maƙala kusa da inda ake tattauna shi. Kowane zane da jadawali a ba shi lamba da take, a nuna ma'aunin da aka yi amfani da shi, a kuma ambace shi a cikin rubutu. Hoton da babu jimlar da ta yi nuni gare shi ba shi da aikin yi a wurin. Gwajin da nake ba ɗalibaina shi ne su cire ratayen gaba ɗaya su sake karantawa: idan hujjar ta tsaya da ƙafarta, ratayen yana kan ƙa'ida.

Malamin Tarihi:
Na karɓi gyara, Malama. Ko a tarihi ma ana iya rataya takardar asali da ba kowa ke iya samun ta ba, muddin sharhin da ake yi a kanta yana cikin maƙala.

Tsohuwar Ɗaliba:
Ƙanwata, bari in amsa miki batun shafin farko, domin ni na yi tawa a ƙarƙashin tsohon tsari. A lokacinmu wajibi ne a rubuta tsakure wanda bai wuce kalmomi 300 ba. An cire shi tun daga jarrabawar Mayu 2018, don haka duk samfurin da kika gani da tsakure ko dai tsoho ne ko mai shi ya kwaikwayi tsoho. A tsarin da ya fara a 2018, shafin farko yana ɗaukar abu huɗu: taken maƙala, tambayar bincike, fannin da aka yi rajistar aikin a ƙarƙashinsa, da adadin kalmomi. Ba a sa sunan ɗalibi, ko na makaranta, ko na malami, a nan ko a saman shafuka, saboda ana so mai ba da maki ya duba aikin bai san mai shi ba. Bayan nan sai ƙunshiya, gabatarwa, gundarin aiki, kammalawa, sannan manazarta. Ki lura take da tambaya ba abu ɗaya ba ne: take gajeren bayani ne na abin da aka yi nazari a kai, tambaya kuma a siffar tambaya ake rubuta ta, kuma dole kalmominta su zama iri ɗaya a shafin farko da cikin gabatarwa.

Wani abu da ya kamata masu tasowa su sani shi ne an sake fitar da sabon kundin jagora ga waɗanda za su zauna jarrabawa daga Mayu 2027, inda aka sauya ma'aunan maki, jimillarsu ta koma 30. Kowa ya tambayi jami'in shirin a makarantarsa wane kundi ne ya shafe shi, kada ya dogara da samfurin intanet. Shawarata ta kaina kuwa, ki rage ƙananan kanu a cikin maƙalarki. Maƙalar tarihi zance ɗaya ce mai gudana, yawan kanu yana daddatsa ta ta koma kamar rahoto.

Malamin Tarihi:
A nan kam ba mu haɗu ba. Na yarda kanu goma sha biyar a kalmomi 4,000 ɓarna ce, amma huɗu ko biyar masu ma'ana su ne ƙashin bayan aiki. Ni idan aka miƙo mini daftari, ƙunshiya nake fara karantawa, kuma sau da yawa daga nan nake gane inda ciwon yake. Idan kanun suna cewa "Babi na ɗaya", "Babi na biyu", ban koyi komai ba. Idan suna nuna matakan hujja, to marubucin ya san inda ya dosa. Ɗalibarmu, ba na neman ki turo rubutunki, amma faɗa mana kanunki da adadin kalmomin kowanne.

Ɗalibar Difloma:
To, Malam. Bayan na cire ƙunshiya da madogara da manazarta kamar yadda ka ce, lissafin ya sauko zuwa 4,410. Gabatarwa tana da 380. "Tarihin mashigin Suez" yana da 920, daga buɗe shi a 1869, da sayen hannun jarin Masar da gwamnatin Birtaniya ƙarƙashin Disraeli ta yi a 1875, har zuwa ranar 26 ga Yuli 1956 da shugaban Masar Gamal Abdel Nasser ya mayar da kamfanin mashigin mallakar ƙasa. "Yadda yaƙin ya gudana" yana da 850. "Matsin Amurka a kan fam na Ingila" yana da 1,150. "Sauran dalilai" yana da 690, sai kammalawa 420.

Malamin Tarihi:
Kin ga amfanin ƙunshiya ke nan, ta tona asirin maƙalar ba tare da mun karanta layi ɗaya ba. Kalmomi 1,770, wato kashi 40 cikin ɗari na aikinki, sun tafi a ba da labarin da mai ba da maki ya riga ya sani, kuma babu inda suka taɓa tambayarki. Tambayarki a kan kwanaki ƙalilan take, na farkon Nuwamba 1956, lokacin da ajiyar kuɗin Birtaniya ke zurarewa, gwamnatin Eisenhower ta Amurka ta ƙi buɗe mata hanyar samun tallafi daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, har firaministan Birtaniya Anthony Eden ya sanar da tsagaita wuta ranar 6 ga wata. Abin da Disraeli ya yi a 1875 bai cancanci fiye da jimla ɗaya ba.

Sashen da ya fi damuna shi ne wanda kika kira "Sauran dalilai". Tambayar da ta ce "shi ne babban dalili?" ba ta amsuwa sai an auna shi da abokan takararsa: wasiƙun barazanar da Bulganin, firaministan Tarayyar Sobiyet, ya aika ranar 5 ga Nuwamba, matsin Majalisar Ɗinkin Duniya, da rabuwar kai a cikin majalisar dokoki da ita kanta gwamnatin Eden. Kin tura su duka cikin kalmomi 690 ƙarƙashin kanun da ke nuna su tarkace ne. Ashe matsalarki ba rarar kalmomi 410 ba ce kawai. Kina buƙatar yanke kusan dubu daga labari, ki mayar da fiye da rabinsu wurin awo da sharhi.

Ɗalibar Difloma:
Malam, wannan ya yi mini zafi amma na gane. Ko zan iya turo maka sassan biyu a keɓe ka nuna mini jimlolin da zan cire?

Malamin Tarihi:
A'a, 'yata, kuma ba rowa ba ce. Ko malamin da makaranta ta naɗa ya jagorance ki an yarje masa ya karanta cikakken daftari sau ɗaya ne ya yi tsokaci, ba a yarje masa ya gyara miki jimla ko ya sake miki tsari da hannunsa ba. Abin da aka hana shi bai halatta gare ni ba. Ki yi yankan da kanki, ki kuma rubuta dalilin da ya sa kika yi shi, domin irin wannan shawara ce ake so a gani a takardar waiwaye mai kalmomi 500 da ke rakiyar maƙalar, kuma da wuya a ƙi tambayar ki a kanta a ganawar ƙarshe da malaminki.

Mahaifin Ɗalibi:
Na bi wannan muhawara har nan, kuma na janye rabin maganata. Ban taɓa ɗaukar ƙunshiya da iyakar kalmomi a matsayin abin da ke taɓa tunani ba. Rabin da ban janye ba shi ne, ƙarshen mako biyu a kan lambar shafi asara ce, kuma wani ya kamata ya koya wa yaran nan yadda ake yi tun a makon farko.

Tsohuwar Ɗaliba:
Baba, a wannan kana da gaskiya, kuma maganin ba shi da wuya. Idan ɗalibi ya yi amfani da salon kanu da ke cikin Word ko Google Docs maimakon ya riƙa ƙara wa haruffa kauri da hannu, manhajar da kanta za ta haɗa ƙunshiya da lambobin shafi, kuma ta sabunta su da dannawa ɗaya. Kada a yi ta danna maɓallin sabon layi don a tura rubutu shafi na gaba, akwai umarnin raba shafi don wannan. Har yanzu dai ina kan bakana cewa kanu huɗu sun isa maƙalar tarihi.

Ɗalibar Difloma:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Na haɗe sassan labari biyu suka koma ɗaya mai kalmomi 640, na raba "Sauran dalilai" gida biyu, ɗaya a kan barazanar Sobiyet da Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗaya a kan siyasar cikin gida a Landan. Lissafi yanzu 3,930 ne. Sai dai da na zo tsara manazarta na tarar da littattafai uku da na karanta amma bayan yankan babu inda na ambace su. Shin in bar su a jerin don a san na karanta?

Mai Kula da Laburare:
Ki cire su, 'yata. Jerin ƙarshe na abin da aka dogara da shi ne a cikin rubutu, kowace madogara ta sami takwararta a jerin, kowane suna a jerin ya sami inda aka ambace shi. Ki bi su da fensir ɗaya bayan ɗaya ta fuskoki biyun. Idan kin gama ki sabunta ƙunshiya, ki gyara adadin kalmomin da ke shafin farko tunda ya sauya, sannan ki buɗe fayil ɗin da za ki miƙa ki duba shi shafi-shafi, domin taswirar mashigin da kika sa takan iya tsallakawa ta bar takenta a shafin baya.